Tsofaffin Kyamarorin Rasha Masu Ma'aunin Nisa: FED, Zorki da Kiev

A gidajen mazauna Makka da suka daɗe, musamman a unguwanni irin su Utaibiyya, Jarwal da Misfala, akan buɗe akwatin wani dattijo a tarar da wata kyamara ta ƙarfe mai nauyi cikin kube na fata, da rubutu a jikinta wanda ba Larabci ba, ba kuma boko irin wanda muka saba ba. Yara sukan ɗauke ta su yi ta murɗe-murɗe har su kashe ta, manya kuma ko dai su jefar, ko su ji wani ya ce ai Leica ce ta Jamus, su ɗora mata kuɗin da ba ta kai ba. Mafi yawan lokaci abin da ke hannunsu ɗaya ne daga cikin kyamarori uku na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wato FED, Zorki ko Kiev. An ƙera su da yawan gaske, saboda haka ba su da tsada, amma wadda take da lafiya har gobe tana ɗaukar hoton da ba za a ji kunyar nuna shi ba.

Yadda suka iso ƙasa mai tsarki

Tarayyar Sobiyet ce ƙasa ta farko da ta amince da mulkin Sarki Abdul'aziz a 1926, amma daga 1938 hulɗar ta tsinke, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Satumba na 1990. A tsawon waɗannan shekaru mutane ƙalilan ne hukuma take bari su fito aikin Hajji daga can. Da ƙofa ta buɗe a 1990, sannan tarayyar ta wargaje a ƙarshen 1991, sai alhazai suka fara kwararowa daga Dagistan da ƙasashen tsakiyar Asiya, da yawansu ta mota. Kuɗin ƙasarsu ya faɗi warwas a lokacin, don haka sai suka yi abin da alhazanmu suka daɗe suna yi da goro da yaji da kilishi: suka riƙo haja a matsayin guzuri. Sukan shimfiɗa ta a gefen titi a Makka da Madina da Mina, madubin hangen nesa, agogo, darduma, da kyamarori. Wanda ya yi zamani a nan cikin shekarun 1990 zai tuna da waɗannan shimfiɗu.

Akwai kuma wata hanyar ta gida. Ɗaliban Nijeriya da Nijar da suka yi karatu a Mosko da Kiyef da sauran biranen tarayyar sukan dawo da kyamara a jaka, ko da yake abin da suka fi kawowa shi ne Zenit, wadda ita wani jinsi ce daban da wanda muke magana a kai.

Mene ne ma'aunin nisa

A Zenit da makamantanta, mai ɗauka yana leƙawa ne ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton. A kyamara mai ma'aunin nisa kuwa, ta wata 'yar taga daban yake leƙawa. Idan mai karatu ya dubi goshin kyamarar zai ga ƙananan tagogi biyu ko uku. Biyu daga ciki suna kallon abu ɗaya ne daga kusurwa biyu, kamar yadda idanun mutum suke yi, kuma wani ɗan madubi a ciki yana haɗa abin da suka gani a wani ɗan fili mai haske a tsakiyar taga. Idan saiti bai yi ba, abin da ake kallo zai rabu biyu. Sai a yi ta murɗa gilashin har biyun su hau kan juna su zama ɗaya, to nan ne saiti. Babu batir, babu waya. Wani ɗan hannun ƙarfe ne kawai yake taɓa bayan gilashin yana juya madubin.

Iya tazarar da ke tsakanin tagogin nan biyu, iya ingancin awon. Ta Kiev milimita 90 ce, ta FED-2 milimita 67, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu amfani da su suke girmama waɗannan biyun.

Gidajen uku

FED ita ce babbar yaya. An fara ƙera ta a 1934 a birnin Karkif na Yukiren, a wata cibiya ta tarbiyyar yara marayu da marasa galihu wadda malamin nan Anton Makarenko ya jagoranta. Sunan kyamarar harufan farko ne na sunan Felix Edmundovich Dzerzhinsky, mutumin da ya kafa 'yan sandan asiri na Sobiyet, wanda aka sa wa cibiyar sunansa. Kwaikwayon Leica II ce ta 1932, kusan kusa da kusa. A 1955 aka fito da FED-2, wadda ta bar bin sawun Leica ta kama hanyarta: bayanta yana cirewa gaba ɗaya, sa fim ya zama da sauƙi. Daga baya aka yi FED-3, 4 da 5, suna ƙara girma da nauyi, ba tare da sun ƙara kyau ba. A ganina duk gidan babu kamar FED-2.

Zorki, wadda ma'anar sunanta ita ce mai kaifin gani, ta fito ne daga masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, daga 1948, ita ma da farko FED ce da aka sake wa suna. Wadda ta fi shahara ita ce Zorki-4, da aka yi ta ƙerawa daga 1956 zuwa 1973, sama da guda miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Tagarta babba ce mai haske, tana da ɗan hannu na daidaita ta da ƙarfin idon mai ɗauka, saurinta kuma daga daƙiƙa ɗaya har kashi ɗaya cikin 1000. Zorki-4K da ta biyo baya tana da hannun ja maimakon maɓallin murɗawa.

Kiev labarinta daban ne. Ita ba kwaikwayo aka yi ba, ɗauko ta aka yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Sobiyet ta karɓi zane da kayan aikin ƙera kyamarar Contax ta kamfanin Zeiss Ikon na Jamus a matsayin diyyar yaƙi, aka kai masana'antar Arsenal da ke Kiyef, aka fara fitar da ita daga 1947, har da sassan Jamus a cikin na farko-farko. An ci gaba da ƙera ta kusan shekara arba'in ba tare da wani babban canji ba. Masu tara su sun yi ittifaƙi cewa na shekarun 1950 sun fi na ƙarshe inganci nesa ba kusa ba. Labulenta na ƙarfe ne mai sauka daga sama zuwa ƙasa, bakin gilashinta kuma irin na Contax ne, ba ya shiga FED ko Zorki.

A Zorki-4 da Kiev da yawancin gilasan Jupiter, lambobi biyun farko na lambar jiki su ne shekarar ƙira: wadda ta fara da 62, ta 1962 ce. Wannan ƙa'ida ba ta aiki a kan FED. Wadda aka rubuta sunanta da harufan boko kuma, an yi ta ne don sayarwa a ƙasashen waje.

Gilasan

Gaskiyar magana, mutane da yawa a yau don gilashin suke sayen kyamarar. Jerin Jupiter zanen Zeiss ne: Jupiter-8, milimita 50 mai buɗewa har f/2, da Jupiter-3 mai kaiwa f/1.5, da Jupiter-9 mai milimita 85 wanda ake so don hoton fuska, duk daga zanen Sonnar suke. Jupiter-12 mai milimita 35 daga Biogon yake, kuma ƙwan gilashinsa na baya ya fito waje ƙwarai, saboda haka ba a ajiye shi a kan tebur ba murfi, ba kuma kowace kyamarar zamani yake shiga ba. Jerin Industar kuwa daga zanen Tessar yake, gilasai huɗu kacal, ba ya buɗewa sosai amma yana da kaifi. Industar-22 yana lotsawa cikin jikin kyamara har ta shiga aljihun jallabiya, Industar-61 kuma shi ne mafi arha da za a ce a saya ba a yi nadama ba.

Bakin FED da Zorki murɗawa ake yi, faɗinsa milimita 39, daidai da na tsohuwar Leica. A nan mutane suke faɗawa rami biyu. Na farko, tsofaffin gilasan Zenit su ma bakinsu 39 ne, za su murɗu lafiya lau, amma an yi su ne su zauna nesa da fim fiye da milimita 28.8 da waɗannan kyamarori suke buƙata, don haka hoto ba zai fito ba. Na biyu, gilasan Sobiyet an auna su ne a kan mizanin Contax, wanda ya ɗan saɓa da na Leica, shi ya sa idan aka ɗaura Jupiter-3 a jikin Leica aka buɗe shi duka aka matso kusa, saiti yakan zame baya kaɗan. A kan kyamarar zamani marar madubi irin su Sony da Fujifilm wannan matsala ba ta tasowa, tunda da zobe mai arha ake haɗawa, kuma a allo ake ganin saitin.

Kafin a saya, ko kafin a sa fim

Doka ta farko, wadda ya kamata a gaya wa duk yaron gida kafin a miƙa masa: a FED da Zorki ba a canza lambar sauri sai an fara ɗana kyamarar, wato an murɗa maɓallin jan fim har ƙarshe. Wanda ya juya lambar kafin haka yana iya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe a ciki, musamman a Zorki-4 da FED masu ƙananan sauri. Da yawa daga cikin matattun da ake gani a kasuwa wannan ne ajalinsu.

Sai labule. Na FED da Zorki na ƙyalle ne da aka shafa wa roba. A cire gilashin, a buɗe baya, a haska tocilan ta gaba a ɗaki mai duhu, a duba kafin ɗanawa da bayan ɗanawa, domin labulen biyu ne. Ko ɗigon haske ɗaya aka gani, zai bayyana a kowane hoto. A nan ne ranar Makka take shigowa: gilashin kyamara yana tara hasken rana wuri ɗaya kamar yadda yara suke ƙona takarda da tabarau, kuma idan aka bar kyamarar ta fuskanci rana ba murfi, cikin ɗan lokaci kaɗan za ta huda labulen. A rataye ta fuskarta na kallon ƙasa ko jikin mutum, murfi kuma ya zama ɗabi'a. Kiev ta tsira daga wannan saboda labulen ƙarfe, sai dai ita ma wasu siraran igiyoyi ne suke jan sa, kuma sukan tsinke da tsufa.

Gwajin ma'aunin nisa bai fi minti ɗaya ba. A murɗa gilashin har ƙarshen nesa, a dubi abin da ya kai kilomita ɗaya ko fiye. Daga rufin gida a Utaibiyya hasumiyar agogo ta Abraj al-Bait ta wadatar. Idan jinjirin watan da ke samanta ya zama ɗaya, awo daidai yake. Idan ya rabu biyu, akwai ɗan sukurun da ake gyarawa da shi, ba babban aiki ba ne. Daga nan a gwada kowane sauri da kunne, a murɗa gilashin a ji ko giris ɗin ciki ya daskare, a haska shi a ga ko akwai hazo ko wani abu mai kama da saƙar gizo. Wannan na ƙarshe ya fi kama kayan da suka zauna a Jidda saboda laimar teku. A Makka ƙura da bushewar giris ne suka fi yawa. Ma'aunin haske da ke saman Kiev-4 da FED-4 kada a dogara da shi, yawanci ya gaji.

Wanda ya ga kyamara ruwan gwal tana ƙyalli, an zana mata sunan Leica da mikiyar sojan Jamus, a Haraj na intanet ko a kasuwar Sawarikh ta Jidda, ya riƙe kuɗinsa. Bayan faɗuwar Sobiyet an mayar da FED da Zorki na farko masu ɗimbin yawa haka don a yaudari baƙi. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a cire gilashin a leƙa saman bakin: ɗan hannun ma'aunin nisa na Leica yana ƙarewa da 'yar taya zagayayya mai juyawa, na Sobiyet kuwa guntun ƙarfe ne kafaffe. Abin takaicin shi ne Zorki ɗin da aka ɓata da fenti ta fi daraja a wajen masu tarawa da an bar ta da sunanta.

Fim da zafi

Duk ukun fim mai milimita 35 suke ci, irin mai hoto 36 ko 24, kuma har yanzu Kodak da Ilford da Foma suna yin sa. FED da Zorki na farko ta ƙasa ake sa musu fim, kuma sai an yanke harshensa ya yi tsawon kamar santimita goma, in ba haka ba ya harɗe da labule. Da rana tsaka fim mai ƙarfin 100 ya isa: ƙofar haske a kan 16, sauri a kan 125, a inuwar lungu kuma a buɗe zuwa 5.6. Mai ƙarfin 400 ya yi wa hasken nan yawa, tunda yawancin FED ba sa wuce 500.

Zafi yana cin fim tun kafin a ɗauka. A Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, cikin mota a rufe kuwa ya fi haka. A ajiye fim a firij, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin buɗe kwalbarsa, kuma da an gama ɗauka a kai wanki. Ɗakunan wankin hoto da suka cika gari a da yawancinsu sun koma buga hoton waya da na fasfo, don haka a tabbatar da inda za a wanke kafin a sayi fim, a kuma ce a dawo da dodon hoton, kada a karɓi na kwamfuta kawai. Mai tafiya da shi gida ta filin jirgi ya riƙe shi a jakar hannu, domin na'urar da ke duba manyan akwatuna tana ɓata shi. A cikin Harami a bi abin da jami'ai suka ce game da ɗaukar hoto, a kasuwa da unguwa kuma kada a ɗaga kyamara a kan mutum, balle mace, sai an nemi izininsa.