Yanayin Hanyoyin Babur a Tuddan Kalambaina Gwargwadon Lokutan Shekara

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda hanyoyin da ba kwalta a kewayen Kalambaina ke sauya hali daga damina zuwa bazara. Hujjarta ita ce sanin lokacin shekara kaɗai ba ya isa a hukunta kyau ko munin hanya, sai an haɗa shi da irin ƙasar da taya ke takawa. An gwada abin da aka sani game da shimfiɗun ƙasar Sakkwato da tsarin saukar ruwanta.

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka ana hawan babur cikin tsaunuka don nishaɗi, tare da jagoran da ya san lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Kalambaina, da ke ƙaramar hukumar Wamakko a yammacin birnin Sakkwato, tuddai gare ta masu shimfiɗaɗɗen kai, sai kwazazzabai da gangaren da ke sauka fadama. Masu bin hanyoyin nan kuwa neman abinci ya fito da su, kuma jagoransu shi ne ɗan kabu-kabu, wanda ke ɗaukar fasinja ko buhun albasa ya ratsa burtali da turbar gona.

Shimfiɗun ƙasa

Yankin yana cikin kwarin Iullemmeden, wanda ya miƙe har Nijar da Mali. Masana duwatsu, ciki har da C. A. Kogbe, sun bayyana jerin shimfiɗunsa: ta Dange mai yawan laka a ƙasa, ta Kalambaina mai farin dutse a kanta, ta Gamba, sannan ta Gwandu mai yashi da yumɓu. Farin dutsen ne ya jawo kamfanin simintin da aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967. Kan tuddan kuwa marmara ce ta rufe shi. Saboda wannan jeri, mai gangarowa daga tudu zuwa inda Gulbin Sakkwato da na Rima ke haɗuwa yana iya taka marmara da farin dutse da rairayi da laka cikin tafiya ɗaya gajeriya.

Damina

Ruwan Sakkwato bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, ya fi ƙarfi a Agusta. A nan ne hukuncin da ake yi wa damina a dunƙule yake kuskure. Rairayi, wanda ke wahalar da direba duk rani, da ya sha ruwa sai ya daskare ya riƙe taya. Marmara ma ba ta ajiye ruwa. Illarta ita ce kwararar da ke yanka ta, har kwazazzabo ya buɗe a tsakiyar turbar da jiya take lafiya. Laka ce ke hana tafiya. Yayyafi kaɗan ya isa ya jiƙa samanta alhali ƙarƙashinta na bushe, sai santsi ya zo ba zato, musamman ga wanda ya damƙe birkin gaba. Idan ta jiƙu sosai takan cika zanen taya, ta cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafar gaba ta daina juyawa. Baburan haya irin su Bajaj Boxer da tayar kwalta suke zuwa, mai ƙananan zane, shi ya sa suke saurin shiga wannan hali.

Ruwan fadama kuma ba na saman Kalambaina kaɗai ba ne. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta biyo Rima daga wajen madatsar Goronyo, ta yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mashigi na iya cika a ranar da ko hadari bai haɗu a gari ba.

Kaka da ɗari

Daga Oktoba laka ke bushewa, amma da sawun kofaton shanu da na amalanke a jikinta, abin da ke kwance sukurori ya gajiyar da fasinja. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ke rage gani, ƙura ta toshe matatar iska, ta haɗu da man sarƙa ta riƙa cin sarƙar.

Bazara

A ganin marubucin, wannan ne lokacin da aka fi raina haɗarinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, rairayi ya saki gaba ɗaya. Injin waɗannan babura iska ce ke sanyaya shi, ga shi yashi na tilasta tafiya a giya ɗaya ko biyu da wuta mai yawa, wato injin na aiki tuƙuru a daidai lokacin da iskar da ke bugunsa ta ragu. Gwanaye sukan rage iskar taya kaɗan, su matsar da nauyi baya, su ƙi sakin wuta a tsakiyar yashi. Ragin iskar nan yana da iyaka, domin da an hau tudu tsakuwar marmara na iya matse tub a jikin rim ta huda shi. Saboda haka mai kai kaya daga fadama zuwa kan tudu a watan Afrilu ya fi dacewa ya kama hanya da asuba, kafin yashi da inji su ɗauki zafi.