Ma'aunin matsi: yadda ake karanta lambobinsa a Garwa da ƙetaren iyaka

Wanda aka yi wa awon jini a Garwa zai iya jin an ce masa 12/8, amma idan ya ƙetara zuwa Yola sai a rubuta masa 120/80. Awo ɗaya ne, ma'aunin lissafin ne ya bambanta. Rashin sanin haka kan sa majiyyaci ya firgita ba dalili, ko ya raina hawan jinin da ke buƙatar magani.

Mene ne ma'aunin matsi?

Matsi shi ne ƙarfin da iska ko ruwa ko jini ke danna jikin abin da ke ɗauke da shi. Na'urar da ke auna shi ita ake kira manomètre da Faransanci. Mafi sauƙinta bututun gilashi ne mai siffar harafin U, da ruwa ko zaiba a ciki. Idan matsi ya shiga ta baki ɗaya, ruwan sai ya sauka a wannan gefen ya hau a ɗayan, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce awon. Daga nan aka samo lissafi da milimita na zaiba, wato mmHg. Zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, shi ya sa gajeren bututu ke isa.

Mai allura kamar agogo, irin na masu facin taya da na tukunyar iskar oksijin, Bafaranshe Eugène Bourdon ne ya ƙirƙiro shi a 1849. A cikinsa akwai lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ke miƙewa idan matsi ya ƙaru, ya juya allurar.

Awon jini

A ƙasashe masu amfani da Faransanci an saba faɗin awon jini da santimita na zaiba, a Najeriya kuwa da milimita. A ninka lambar farko sau 10 a samu ta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 zuwa sama a matsayin hawan jini idan aka same shi a ranaku biyu daban. A bakin ma'aikacin lafiya na Garwa ko Marwa, 14/9 ke nan.

Taya da ruwa

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne paskal, amma ya yi ƙanƙanta, don haka ake amfani da bar, wanda ya kai paskal 100,000. Bar 1 kusan PSI 14.5 ne, kuma PSI aka fi sani a Najeriya. Tayar ƙaramar mota galibi tana ɗaukar bar 2 zuwa 2.5, wato PSI 29 zuwa 36. Ainihin adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. A tankin ruwa kuma, kowane tsayin mita 10 yana ba da kusan bar 1 a bakin famfo.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa, iskar taya tana ƙaruwa a kan hanya. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, kada kuma a rage iska taya na da zafi. Kafin a yarda da kowace lamba, a duba harufan da ke gefenta.