Asalin Kalma: Hukuma

Kalmar hukuma, wadda a yau ta zama ruwan dare a bakin malami da ba'ame, aro ce daga Larabci, kuma asalinta ɗaya da hukunci da hikima da hakimi, domin dukansu daga tushe guda suka tsiro, wanda ma'anarsa yanke magana tsakanin masu husuma. A wajen Larabawan wannan zamani hukuma ita ce gwamnatin ƙasa ɗungurungum. Amma Bahaushe, da yake Turawa sun zo masa da kalmar gwamnati, sai ya bar wa baƙuwar wannan babban muƙami, ya mayar da hukuma a kan duk mai ikon da ake kai ƙara gabansa, tun daga alkali har ɗan sanda. Shi ya sa idan aka ce an miƙa wane ga hukuma, gaban danginsa faɗuwa yake.

Da aka yi gyaran mulki na 1976, aka shafe En'e, wato hukumar gargajiya, sai ga ƙananan hukumomi, waɗanda yanzu adadinsu a Nijeriya ya kai 774. Kuma a nan ne lafazin ya sauya hali, gama talakan da a da yake ɓuya in ya ji an ambaci hukuma, shi ne yau yake tsare ciyaman da kansila yana neman rijiyar burtsatse, da kwalbati, da rumfunan kasuwa, da kwashe shara, ko da yake sau da yawa alkawari kaɗai yake komawa gida da shi. A kasuwa kuwa ba safai ake jin cikakken sunan ƙaramar hukuma ba, "lokal" kawai ake cewa.