Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: Yadda Kotu Ta Fara Kama Likitocin Taurari

A watan Nuwamba na 1981 wata kotu a birnin Memphis na Amurka ta wanke Dakta George Nichopoulos, likitan mawaƙi Elvis Presley, ta ce ya kama hanyar gida. Wannan mutum ne da a watanni takwas na ƙarshen rayuwar Elvis ya rubuta ƙwayoyi da allurai sama da 10,000 da sunan mawaƙin. Shekara 30 cif bayan haka, ranar 7 ga Nuwamba 2011, wata kotu a Los Angeles ta sa aka ɗaura wa Dakta Conrad Murray ankwa a gaban kyamarori saboda mutuwar Michael Jackson. Ƙasa ɗaya, sana'a ɗaya, majinyatan ma kamar an tsaga kara: mawaƙi mai dukiya wanda barci ya ƙaurace wa idonsa. Har surukuta ta haɗa su, don Jackson ya auri Lisa Marie, 'yar Elvis, a 1994. To me ya sa ɗaya ya kwana a gidansa, ɗaya ya kwana a kurkuku?

Amsar tana da tsohon asali. A dokokin Sarki Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yanka wa likita lada gwargwadon darajar wanda ya yi wa aiki: shekel 10 na azurfa in mai martaba ne, 5 in talaka ne, 2 in bawa ne. Hukuncin ma haka yake tafiya. In mai martaba ya mutu a ƙarƙashin askarsa, a datse hannun likita. In bawan talaka ne, ya biya bawa da bawa, magana ta ƙare. Babu mai tambayar ko ya yi sakaci. Gawar wa ke kwance, ita ce kaɗai tambayar. Haka aka yi a shekarar 324 kafin Miladiyya a Ekbatana, inda Hamadan ta Iran take a yau. Zazzaɓi ya kwantar da Hefastiyon, aminin Iskandar sarkin Makidoniya, likitansa Glaukiyas ya fita kallon wasa, shi kuwa majinyacin ya samu sarari ya cinye dafaffiyar kaza ya kora da giya. Da ya cika, Iskandar ya sa aka kashe likitan.

Malaman Musulunci ta wata ƙofa suka shigo. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya tsoma hannu cikin magani alhali ba a san shi da ilimin ba, malaman fiƙihu kuma suka raba tsakanin gwanin da ya bi ƙa'ida amma ajali ya riga shi, da jahili ko mai ganganci. A shekarar 931, bayan kuskuren wani mai magani ya yi sanadin ran wani mutum a Bagadaza, Halifa al-Muƙtadir ya umarci Sinan bin Sabit ya jarraba masu magani na birnin kafin a bar su su ci gaba. Nan tambayar ta tashi daga kan gawa ta koma kan aikin.

A Amurka ta ƙarni na 19 kuwa, tambayar ma kusan ba a yin ta. Ranar 2 ga Yuli 1881 Charles Guiteau ya harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington. Harsashin bai kashe shi nan take ba. Likitoci fiye da goma, ƙarƙashin Dakta Willard Bliss, suka yi ta cusa yatsu da ƙarafa marasa wanki cikin raunin suna lalube, duk da cewa likita Joseph Lister ya zo ƙasar tun 1876 ya yi musu bayanin ƙwayoyin cuta. Raunin ya ruɓe, shugaban ya yi wata biyu da rabi yana shan azaba, ya rasu ranar 19 ga Satumba. A kotu Guiteau ya ce shi harbi ya yi, kisan na likitoci ne. Masana da yawa a yau suna ganin akwai ƙamshin gaskiya a bakin mahaukacin. An rataye shi a 1882. Bliss kuwa takardar neman kuɗin aikinsa ya aika wa gwamnati.

Ƙarni na 20 ya zo da wani sabon nau'in likita, wanda jarinsa ba aska ba ce, alƙalami ne. Masana'antar fim da ta waƙa suna buƙatar mutum ya yi barci a kan lokaci, ya farka a kan lokaci, ya hau dandamali da kuzari ko jikinsa ya ƙi, ga kuma ƙwayoyin da za su iya yin hakan sun cika kantunan magani. Da tauraruwar fim Marilyn Monroe ta mutu a 1962 saboda yawan maganin barci, ba a gurfanar da ko ɗaya daga likitocinta ba. A New York, Dakta Max Jacobson ya yi suna da wata allurar da yake haɗawa da amfetamin, manya suna layi a ƙofarsa. Har Vienna ya bi Shugaba John Kennedy a 1961 lokacin ganawarsa da Khrushchev na Tarayyar Sobiyat. Sai da jaridar New York Times ta tona asirinsa a 1972, sannan aka ƙwace lasisinsa a 1975. Bai kwana a gidan yari ba.

Likitoci da kansu sun lura da cutar kafin lauyoyi. A 1964 wani likitan ƙwaƙwalwa, Walter Weintraub, ya rubuta cewa idan babban mutum ya kwanta a asibiti ma'aikata kan ruɗe, su tsallake ƙa'idojin da suke bi a kan kowa, a ƙarshe ya samu kulawar da ba ta kai ta talaka ba. Abin yana da sauƙin ganewa. Talaka in ya nemi ƙarin allura, nas za ta ce masa lokaci bai yi ba, ta wuce. Mai kuɗi in an ce masa haka, sai ya canza likita. A nawa ganin nan ne jijiyar maganar take: likitan da majinyaci ɗaya ke ciyar da gidansa ya riga ya zama yaron gida, yaron gida kuwa ba ya ce wa maigida a'a.

Doka ta biyo baya a hankali. A 1970 majalisar Amurka ta yi dokar da ta kasa ƙwayoyi masu sa maye gida biyar, a 1973 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA, a 1975 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar wani Dakta Moore da ke rubuta methadone kamar mai sayar da gyaɗa, ta yanke cewa lasisi ba laya ba ne: likitan da ya fita daga hanyar aikin likita ana iya tuhumarsa kamar kowane dillalin ƙwaya.

Da irin wannan makami aka tunkari Nichopoulos. Elvis ya mutu ranar 16 ga Agusta 1977 a gidansa na Graceland yana da shekara 42, mai binciken gawa na yankin ya ce bugun zuciya ne ya rikice, aka rufe magana. Sai da shirin 20/20 na tashar ABC ya tono ta a 1979 hukuma ta motsa. A 1980 hukumar likitocin jihar Tennessee ta dakatar da Nichopoulos wata uku, sannan aka kai shi kotu da tuhuma 14 na rubuta magani fiye da kima ga Elvis da mawaƙi Jerry Lee Lewis da wasu. A lura, ba a tuhume shi da kisa ba. Kariyarsa kuma ta ratsa zukatan masu yanke hukunci: ya ce Elvis ya riga ya kamu, in ya hana shi zai samo a wani wuri, gara ya riƙe linzamin a hannunsa yana ragewa, wani lokaci ma yana ba shi ƙwayar bogi da babu komai a cikinta. Aka yarda da shi. Sai a 1995 aka ƙwace lasisin nasa kacokan, saboda wasu majinyatan daban. Ko a 2010, da aka gurfanar da likitocin tauraruwa Anna Nicole Smith biyu, kan takardun magani da sunayen ƙarya aka tsaya, aka kuma wanke ɗaya daga cikinsu sarai.

Shari'ar Murray ta bambanta ne tun daga maganin. Murray likitan zuciya ne, haifaffen Grenada, yana da asibitoci a Las Vegas da Houston, bashi kuma ya kai masa iya wuya. A 2009 Jackson na shirin wasanni 50 a London, ya nemi a ɗauki Murray ya zama likitansa na kansa. Murray ya fara neman dala miliyan 5, aka daidaita a kan 150,000 a wata. Abin da Jackson ke so shi ne propofol, wani farin ruwa da yake kira madara, wanda ake sumar da mutum da shi a ɗakin tiyata. Ba maganin rashin barci ba ne. Yana iya tsayar da numfashi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba a ba da shi sai da na'urorin sa ido, da kayan buɗe maƙogwaro, da mutumin da ba shi da wani aiki sai kallon ƙirjin majinyaci. Wata ma'aikaciyar jinya da wani tsohon likitan Jackson sun shaida wa kotu cewa ya roƙe su irin wannan maganin barci na jijiya, suka ƙi. Murray bai ƙi ba. Ya yi odar fiye da lita 15 daga wani kantin magani a Las Vegas, ya kuma faɗa wa 'yan sanda da bakinsa cewa kusan kowane dare yake ɗura masa har na tsawon wata biyu, a ɗakin kwana.

Daren 25 ga Yuni, bisa labarin Murray, ya ba shi Valium, ya bi da lorazepam da midazolam, barci ya ƙi zuwa har gari ya waye, da ƙarfe 10:40 na safe ya saka masa propofol. Ya ce minti biyu kawai ya fita kewayawa. Bayanan wayarsa suka ƙaryata shi, don ya shafe kusan minti 45 yana waya. Da ya tarar numfashi ya tsaya bai kira motar asibiti ba sai 12:21, wani mai gadi kuma ya shaida cewa sai da aka sa shi tattara kwalabe cikin jaka tukuna. Ga ma'aikatan agaji, ga likitocin asibitin UCLA inda aka tabbatar da mutuwar da ƙarfe 2:26, babu wanda Murray ya ambata wa propofol.

Propofol ba ya cikin jerin ƙwayoyin dokar 1970, saboda haka ba ta nan masu gabatar da ƙara suka bi ba. Suka tuhume shi da kisa ba da niyya ba ta hanyar mugun sakaci. Lauyoyinsa suka ɗauko tsohuwar kariyar Nichopoulos suka kakkaɓe: majinyacin ya kamu tun kafin zuwansa, yana ƙoƙarin yaye shi ne, kuma Jackson ne ya ƙara wa kansa maganin da likita ya ba da baya. Masanin maganin sumarwa Dakta Steven Shafer ya lissafa manyan saɓa ƙa'ida 17, masu ƙara kuma suka ce ko da Jackson ne ya tura allurar da hannunsa, wa ya kawo maganin, wa ya bar shi da shi? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin nan kuwa shi ne zama a bakin gado. Mai shari'a Michael Pastor ya ɗaure shi shekara 4, iyakar abin da doka ta ba shi dama, ya fito a Oktoban 2013 bayan ya yi kusan rabi. Albashin 150,000 ɗin ko sisi bai shiga hannunsa ba, don Jackson ya mutu bai sa hannu a kwantiragin ba.

Kada a ɗauka daga nan ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Da mawaƙi Prince ya mutu a 2016 saboda jabun ƙwaya mai ɗauke da fentanyl, ba a gano wanda ya ba shi ba, likitan da aka zarga da rubuta masa magani da sunan wani ya biya dala 30,000 ba tare da amsa laifi ba. Amma da ketamine ya kashe Matthew Perry na shirin Friends a Oktoban 2023, cikin wata goma an tuhumi mutum biyar, biyu likitoci. Takardun kotu sun nuna kwalbar dala 12 ana sayar masa 2,000, ɗaya daga likitocin ma yana kiransa wawa a saƙon waya. Dukansu biyu sun amsa laifi, duk da cewa kwalbar da ta kashe shi daga hannun wata dillaliya ta fito.

A Ajantina an matsa gaba da haka. Ɗan ƙwallon ƙafa Diego Maradona ya mutu ranar 25 ga Nuwamba 2020 a wani gidan haya a Tigre, mako uku bayan tiyatar ƙwaƙwalwa, kwamitin masana kuma ya ce an bar shi awanni cikin mawuyacin hali babu kulawar kirki. Aka gurfanar da mutum bakwai, ciki har da likitansa Leopoldo Luque, da tuhumar da ke ɗauke da ɗaurin shekara 8 zuwa 25. An fara zama a San Isidro a watan Maris 2025, 'ya'yansa mata suka ba da shaida cikin kuka. A watan Mayu aka gano cewa ɗaya daga alƙalan uku, Julieta Makintach, ta bari ana ɗaukar ta a wani fim na gaskiya kan shari'ar, har a cikin harabar kotu. Aka rushe zaman duka, aka ce a faro daga farko da sababbin alƙalai.