Wa Za a Mayar Wa? Tarihin Cinikin Wuƙa a Ƙasar Yawuri

A watan da na kammala hidimar ƙasa, na ware wani abu daga ɗan alawus ɗin da na tara domin in yi wa mahaifiyata kyauta. Inna mai bandar kifi ce a Yelwa, kuma tun da na yi wayo wuƙa ɗaya na sani a hannunta: baƙa, siririya saboda yawan wasawa, ƙotarta ta yi sulɓi don shan hannu. Sai na ci karo da tallar wasu wuƙaƙe shida a intanet, jere cikin akwati suna ƙyalli kamar madubi, an rubuta cewa ba sa tsatsa, ba sa dakushewa. Na tura kuɗi ta waya. Bayan kwana tara wani direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo.

Inna ta yi godiya, ta sa albarka, ta ɗauki babbar cikinsu ta auna nauyinta a tafin hannu, ba ta ce komai ba. A rana ta uku, tana datsa kan wata ƙatuwar tarwaɗa, ƙarfen ya rabu da ƙotar roba ya tsaga mata ɗan yatsa. Na kira lambar mai kayan, ba a ɗauka ba. Na aika hoto, aka toshe ni. Tana ɗaure yatsan da tsumma ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, yanzu wa za a mayar wa?" Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Neman amsar ne ya kai ni ga tarihin garinmu.

Abu na farko da tarihin ya nuna mini shi ne sayen kayan nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Yawuri. Garin yana kan tsohuwar hanyar fataken goro da ke zuwa Gwanja daga ƙasar Hausa, ga kuma kogin Kwara da kwale-kwale ke hawa da sauka a kansa. Gishiri, kanwa, tufafi da kayan ƙarfe duk sun ratsa nan tun kafin a san mota. Mutanen da suka saba da irin wannan kasuwa ba su da tsoron abin da aka ƙera a wata ƙasa.

A shekarar 1830 wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka sauka a Birnin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarauta, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Sun zo neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a kogi kusa da Busa a 1806, sun kuma yi kimanin mako biyar a garin. Guzurinsu ya haɗa da allurai masu ɗimbin yawa da suke sayarwa su ci abinci. A littafin tafiyarsu sun ba da labarin wasu allurai da aka yi musu kirari a jikin takardar da aka naɗe su, cewa masu kyau ne ƙwarai kuma kafarsu ba ta yanke zare. Da aka sayar, sai ga masu saye sun dawo da su suna ƙorafi, domin alluran ba su da kafa ko kaɗan. Lalle kam allurar da ba ta da kafa ba za ta yanke zare ba.

Da na karanta wannan labari na yi dariya, daga baya kuma dariyar ta koma kaina. Kirarin da ke jikin takardar alluran ɗan'uwan wanda na karanta a wayata ne. Bambancin ɗaya ne tak: waɗancan masu saye sun san inda masu kayan suke kwana, suka je suka mayar musu. Shekara kusan 200 bayan haka, ni mai digiri na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Wannan ba sa'a ba ce kawai, tsarin kasuwancin da ne. Bafatake idan ya iso gari yana da mai masauki, wanda ke ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa lamuni. Baƙo na iya wucewa da asuba, amma mai masaukinsa ɗan gari ne, kuma sunansa ne jarinsa. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu ma bai hana sayen abin da ba a gani ba. Littafin Risala ya halatta cinikin kayan da ba ya wurin idan an siffanta shi, ya kuma ba mai saye damar mayarwa idan ya tarar da aibi. Ashe magabata sun san ciniki daga nesa, sai dai ba su taɓa raba shi da wanda za a kama ba.

A ɓangaren wuƙa kuwa, wanda za a kama ɗin yana bayan gida, wato maƙeri. Kafin ƙarfen Turawa ya yawaita, a ƙasar Hausa tama ake haƙowa a narka da gawayi a fitar da ƙarfe, aiki mai cin itace da ƙarfi da kwanaki. Daga nan maƙerin baƙi ya karɓa, yaro na kan zuga-zugi, shi yana riƙe da awartaki yana dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Baduku ya ɗinka kube. Kowace sana'a da irin tata wuƙar: ta mahauci daban, askar wanzami daban, ta mai gyaran kifi daban. Masunci Basarke, da Bagunge mai noman albasa a tsibiri, da manomin Kambari ko na Shanga, kowa ya san maƙerar da yake zuwa, maƙerin kuma ya san hannun kowa. Ciniki ba ya ƙarewa ranar da aka biya kuɗi. Wuƙa za ta dawo wasawa, ta dawo sake ƙota, ta dawo gyaran baki, har ƙarfen ya ƙare.

Zuwan mulkin Turawa a farkon ƙarni na 20 ya girgiza wannan tsari. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC suka bazu, ƙarfen waje ya yi araha har wahalar narka tama ta zama ba riba. A hankali aka daina narkawa, ilimin ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi. Wuƙaƙen masana'anta ma suka shigo kasuwannin Afirka, kamar Okapi mai naɗewa, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902. Duk da haka maƙeri bai mutu ba. Ya juya ga tsohon ƙarfen mota, musamman sifirin, wanda ke riƙe kaifi. Wato ƙarfen ya zama na waje, amma hannun da ya ƙera da bakin da zai amsa suka ci gaba da zama na gida. Mai kanti ma, ko da daga Anacha ya saro kayansa, yana nan a rumfarsa gobe da jibi.

Girgiza ta biyu ruwa ne ya kawo ta. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafki ya cika ya haɗiye tsibirai da ƙauyukan bakin kogi, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kakata tana cikinsu. Inna ta ce abin da aka iya lodawa a kwale-kwale shi aka ɗauka: hatsi, tukwane, tabarmi da kayan ƙarfe. Baƙar wuƙar nan tana cikin ƙullin, kuma iyalan maƙerin da ya yi ta su ma sun tashi tare da jama'arsu suka sake kafa maƙera a tudu. Tafkin ya sauya su kansa. Ya jawo masunta daga nesa, har da mutanen Mali da gurarsu, ragar leda ta maye gurbin ta zare, inji ya hau bayan jirgi. Duk waɗannan kayan waje ne, kuma mutanenmu sun karɓe su hannu bibbiyu, saboda kowanne ya zo da mai gyaransa a bakin ruwa, daga Yelwa har Wara.

Girgiza ta uku ita ce ta zamanina. Wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001, manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga suka buɗe a 2012, daga baya kowa ya iya buɗe tasa rumfar a Facebook ko WhatsApp. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya wa har masu kifi tura kuɗi ta waya. Ba zan yi wa wannan hanya ƙazafi ba. Wuƙar maƙeri tana tsatsa idan ta kwana da ruwa, ba ta da ƙyallin da ake so a jeren amarya, kuma akwai kayan da ko ka zaga kasuwannin Ngaski da Shanga ba za ka samu ba. A shekarun da hanyoyi suka yi rashin tsaro, kayan da zai same ka a tasha rahama ne. Akwai kuma masu sayarwa na gaskiya, da kamfanonin da ke karɓar kayan da aka mayar, da hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Amma mai bandar kifi da wuƙarta ta karye da hantsi, kifi na jira a kwando cikin zafin Yawuri, ba ta da kwana goman da za ta jira amsa daga Abuja ko Legas. Idan kifin ya lalace, jarin mako ne ya tafi.

Na ɗauki karyayyiyar wuƙar na kai wa wani dattijon maƙeri, jikan wanda ya ƙera ta kakata. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera ya saurari ƙararta, ya nuna mini cewa jelar ƙarfen da ta shiga ƙota ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na ce, "Baba, ko za ta gyaru?" Ya ce, "Yaro, ƙota zan iya sa mata, amma ƙarfen ba zai riƙe kaifi ba. Wanda ya yi ta ya san ba zai ga mai ita ba." Na daɗe ina juya wannan magana. Wanda ya san za a dawo masa da kaya, dole ya yi aikin da ba zai ji kunya ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a maƙerar shi ne wurin zaman mai zuga. Yaran gidan biyu sun tafi haƙar zinariya, ɗaya yana acaɓa. Narka tama ya ɓace cikin 'yan shekaru ba tare da kowa ya yi shela ba, kuma ƙira na iya bin sahunsa. Ranar da haka ta faru, za a nemi mai sa wa lauje ƙota da mai gyara zago a rasa, komai yawan kayan da ke cikin waya.

Sai dai na ga wani abu da ya sanyaya mini rai. Ƙaramin jikan dattijon, ɗan sakandare, yana ɗaukar hoton wuƙaƙen kakansa yana aika wa mahautan da suka yi ƙaura zuwa Kwantagora da Birnin Kebbi. Suna turo kuɗi, ana ba direba saƙo. Wannan ma ciniki ne na waya, amma masu sayen sun san zauren da za su yi sallama idan baki ya lanƙwashe. Tsohon lamunin mai masauki ne ya samu sabuwar hanya.

Kafin in bar maƙerar na ba da aikin sabuwar wuƙa, na kwatanta masa girman hannun Inna, ya ce ba sai na kwatanta ba, ya sani. Sauran biyar ɗin na cikin akwatinsu a saman kabad, baƙi na yaba kyansu. Ita kuwa baƙar ta kakata har yau tana aiki, kodayake ta kusa zama tsinke. Ranar da na kawo sabuwar, Inna ta auna ta a tafin hannu kamar yadda ta yi wa waccan, ta gwada bakin a farce, sannan ta jawo kwandon karfasa gabanta.