Rahama Sadau

Rahama Ibrahim Sadau jarumar finafinai ce kuma furodusa. An haife ta a Kaduna ranar 7 ga Disamba, 1993. Ta fito a finafinan Hausa na Kannywood, da na Turanci da ake yi a kudancin Najeriya, da shirye-shiryen talabijin masu dogon zango, har ta leƙa masana'antar Indiya. A tarihin fim ɗin Hausa an fi tuna ta da korar da aka yi mata a 2016, korar da ba ta kashe mata sana'a ba. Kafin ita, da wuya a nuna macen da ta faɗa irin wannan rami ta fito da ƙafafunta.

Tasowa

A Kaduna ta yi firamare da sakandare, kuma tun tana ƙarama take shiga gasar rawa a makaranta. Kamar yawancin sa'o'inta, da fim ɗin Indiya ta girma, sai dai ita kallon bai tsaya mata a nishaɗi ba: ta naɗi harshen a kunne har ta iya magana da shi, masoyanta suka riƙa kiran ta Priyanka saboda son da take yi wa jarumar Indiya Priyanka Chopra. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun wajajen shekarun 1960 'yan kasuwar Labanan masu gidajen sinima suke haska finafinan Indiya a Kano da Kaduna da Jos, kuma daga can ne fim ɗin Hausa ya ɗauko rawa da waƙa da labarin auren dole.

A 2013 ta shiga Kannywood ta hannun jarumi Ali Nuhu. Gani Ga Wane, wanda suka yi tare, shi ya fito da ita. Cikin shekara biyu ta yi finafinai masu yawa, irin su Jinin Jikina da Mati da Lado da Halacci da Ana Wata Ga Wata, ta kuma ci kyautar gwarzuwar jarumar Kannywood ta mujallar City People a 2014 da 2015.

Masana'antar da ta tarar

Ba za a fahimci abin da ya same ta ba sai an san gidan da ta shiga. Daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, sana'ar fim ta girma a hannun 'yan kasuwar kaset, daga baya na faifai, waɗanda cibiyarsu take Ƙofar Wambai da Bata. A lokacin su ke sayen fim, su buga, su raba wa dillalai har Maraɗi da Damagaram da Kumasi. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai, kuma bayan wata dambarwa a 2007, lokacin da aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni, dokoki suka ƙara tsanani. Babbar ƙa'ida ita ce namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, ko da mata da miji suka fito.

A wannan gida rayuwar jaruma gajera ce. Yarinya za ta shigo, ta haska shekara uku ko huɗu, sai aure ya ɗauke ta. Fati Muhammad ta fim ɗin Sangaya tana kan ganiyarta ta yi aure ta bar fage. Mansura Isah ma ta ajiye fitowa bayan aurenta a 2007. Wadda aure bai ɗauke ba, sau da yawa surutun gari ke kore ta. Maza kuwa suna tsufa a cikin sana'ar, su zama daraktoci da masu kamfani. Kuɗin da ikon duk a wajensu suke, kuma jarumar da ƙungiya ta juya wa baya ba ta da wata ƙofa da za ta ƙwanƙwasa.

Korar 2016

Shekarar 2016 ta zo wa 'yan fim da zafi. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya finafinai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai sun yi masa ca a kan mumbari. Ana cikin wannan ɗari-ɗari sai ga bidiyon waƙar I Love You ta mawaƙi ClassiQ. Rahama ta fito a matsayin mai sayar da kaya a kasuwa wadda saurayi ya gani ya ƙyasa. A cikin bidiyon sun riƙe hannu, sun rungumi juna. A farkon Oktoba ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korar ta daga masana'antar gaba ɗaya. Shekarunta 22.

Dokar hana taɓa juna tana nan, kuma ta san da ita. Ita kanta ta fito ta ba waɗanda abin ya ɓata wa rai haƙuri. Amma hukuncin ya fi laifin nauyi. An yanke wa yarinya hanyar cin abincinta har abada a kan bidiyo ɗaya, a masana'antar da ta sha ganin manyan maza sun yi kuskure an rufe da sulhu. Akwai kuma tsoro a cikin lamarin: ƙungiyar da aka gama yi wa ruwan wa'azi wata uku da suka wuce tana neman abin da za ta nuna wa jama'a cewa tana share gidanta.

Abin da ba a lissafa ba shi ne kasuwar da ke ba wa kora ƙarfi ta riga ta fara rushewa. Faifai ya daina tafiya. Masu satar fasaha sun cinye riba, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kai fim cikin ɗaki, wayar hannu kuma ta ƙarasa sauran. Ko a Jalingo, inda Bafulatani da Mumuye da Jukun ke ciniki da Hausa, mai son kallo ya daina jiran dillalin faifai daga Kano. Sai ya tsaya a rumfar mai tura fim, ya zare memori daga waya ya miƙa, yaron ya soka a kwamfuta, ya tambaye shi na wa yake so. Da sunan jarumi ake nema, ba da sunan kamfani ba, kuma babu wanda ke tambayar ko mai sunan tana da rajista da ƙungiya.

A watan Oktoban nan dai tashar EbonyLife ta Mo Abudu ta fara haska Sons of the Caliphate, shiri mai dogon zango kan 'ya'yan masu mulki da sarauta a wata ƙagaggiyar jihar arewa, wanda aka riga aka ɗauka kafin rigimar. Rahama ta fito a matsayin Binta Kutigi, tare da Yakubu Muhammad. Labarin korar ya kai kafafen yaɗa labarai na duniya, mawaƙi Akon da darakta Jeta Amata suka gayyace ta Amurka. Ƙofar Legas ta buɗe: Hakkunde da Ajuwaya a 2017, sai MTV Shuga a 2018, inda ta zama malamar makaranta mai suna Yasmin, sai Up North na Tope Oshin a ƙarshen shekarar, wanda aka ɗauka a Bauchi tare da Banky W.

Mai kamfani

Matakin da ya fi muhimmanci ba na Legas ba ne. A 2017, tana cikin takunkumi, ta fitar da fim ɗin Hausa na ƙashin kanta a ƙarƙashin kamfaninta, Sadau Pictures. Rariya, wanda Yaseen Auwal ya ba da umarni, labarin 'yan matan jami'a ne da yadda kwaɗayi da ƙawaye ke jan su, kuma Ali Nuhu da Sadiq Sani Sadiq da Fati Washa duk sun fito a ciki. An haska shi a sinimar zamani ta rukunin shagunan Ado Bayero a Kano, wurin da masu fim suka koma neman kuɗinsu bayan mutuwar faifai. Wadda aka ce kada a saka a fim ta zama mai biyan 'yan wasa, kuma abokan aikinta suka amsa kiran. A ƙarshen 2017 ta rubuta wa ƙungiyar takardar neman afuwa, a farkon 2018 aka ɗage hukuncin.

Tana cikin wannan duka tana karatu a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin Sayifurus, inda ta yi digiri a fannin kula da ma'aikata. A 2020 ta shirya Mati a Zazzau, fim ɗin barkwanci da ya dawo da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mati.

Surutu bai bar ta ba. A Nuwamban 2020 ta saka wasu hotuna a shafukanta, wani ya rubuta kalaman ɓatanci ga Annabi (SAW) a ƙarƙashinsu. Ta goge hotunan, ta nesanta kanta da kalaman, ta nemi gafara cikin kuka. Wannan karon ma aikinta bai tsaya ba.

A 2022 ta fito a Chief Daddy 2, sannan ta samu ɗan ƙaramin gurbi a fim ɗin Indiya Khuda Haafiz 2, na jarumi Vidyut Jammwal. A 2024 Netflix ta saki Postcards na Hamisha Daryani Ahuja, shirin haɗin gwiwar Najeriya da Indiya wanda aka ɗauki mafi yawansa a Mumbai, tare da Sola Sobowale da Richard Mofe-Damijo. A cikinsa Rahama ita ce Zainab, 'yar Najeriya da ke auren wani likita Ba'indiye.