Gam ɗin da Ya Rage wa Teku Asara

Murjani halitta ce mai rai, kuma an daɗe ana ganin nau'insa mai tauri ba ya girma a tankin gilashi. A shekarun 1980 Dietrich Stüber ya raya nau'in Acropora a Berlin har ya yi rassa. Sannu a hankali masu kiwo suka koyi karya reshe su liƙa shi a kan dutse. Gam ɗin da suka fi dogara da shi, irin wanda Eastman Kodak ya fitar a 1958, danshi ke daskarar da shi, don haka yana kamawa a jiƙe. Cikin makonni murjanin kan bazu ya lulluɓe shi. Duk reshen da aka dasa haka ya rage waɗanda ake ɓallowa daga teku.